Shafin farko na fayil ɗin ma'aikaci

Ƙannena da kuka fara aiki a sashen kula da ma'aikata, ku yi hattara da shafin farko na fayil. Shi ake cikewa a gurguje ranar da sabon ma'aikaci ya zo kama aiki, kuma shi za a koma a buɗe idan ya yi shekara 35 yana aiki ko ya cika 60 da haihuwa, duk wadda ta riga zuwa.

Lokacin da nake ƙaramin akawu a rajista, da baki nake tambayar mutum in rubuta. Wani direba ya faɗa mini shekarar haihuwarsa da ka, ban ce ya kawo takardar firamare na gani ba. Sunansa ma yadda na saba rubuta irinsa na rubuta, alhali a takardunsa da wani harafi daban yake. Shiru aka ji tsawon shekaru. Sai da aka zo tantancewar IPPIS, tsarin biyan albashi da gwamnatin tarayya ta fara a 2007, sannan aka ga fayil na faɗin wani abu, banki na faɗin wani. Albashinsa ya tsaya. Bawan Allah ya yi ta safa da marwa tsakanin ofis da kotu yana neman takardar rantsuwa, ga iyali a gida. Har yau in na tuna yadda yake gaishe ni da ladabi, bai san rubutun hannuna ne ba, sai na ji nauyi.

Don haka ku kwafa daga takarda ta asali, harafi bayan harafi, ku gwada da BVN da NIN, sannan mai fayil ya karanta ya sa hannu. Kada ku goge ranar haihuwa don wani ya roƙe ku, ko da ɗan uwa ne. Rage shekaru yana fitowa, kuma mai alƙalami ake fara nema.

Takardu uku kuwa ku riƙe su kam: ta ɗaukar aiki ta farko, ta tabbatarwa a aiki, da ta ƙarin girma. Wanda ya kama aiki kafin dokar fansho ta 2004 yana da haƙƙin shekarun baya da yake bin gwamnati bashi, kuma da irin waɗannan takardu hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ke tantance shi kafin ritaya. In ɗaya ta ɓata, dattijo ne zai sha wahala.

Ajiya ma na yi mata sakaci. Na taɓa jibge tsofaffin fayiloli a ƙasa jikin bango, damina ta jiƙa su, gara ta ƙarasa. A ɗora su kan kanta ko cikin kabad na ƙarfe. Fayil kuma kada ya fita ba a rubuta a littafi ba, ko oga ne da kansa ya aiko masinja, don ranar da ya ɓata ba zai tuna ya karɓa ba.

Ku ɗauki hoton takardu a adana a kwamfutar ofis mai lambar sirri. Amma tura takardar asibitin ma'aikaci ko ta albashinsa ta WhatsApp tona asiri ne, kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan mutane da ta hau kan ofishinku.