Abin da na koya a ɗakin Hajja mai ɗinkin kayan rawa a Alƙahira

Bari in fara faɗa tun kafin a yi nisa, ni ba rawa nake yi ba kuma ba rawa na zo tallatawa ba, ɗinki ne sana'ata tun ina gida Kano, ɗinkin amare da sa ston a leshi da mayafi, kuma son ɗinkin nan ne ya shigar da ni ɗakin da zan ba ku labarinsa.

Karatun maigidan a Azhar ne ya kawo mu Alƙahira, muka kama haya a Hayyul Ashir can Madinatu Nasr inda ƴan Afirka suka yi yawa. Ƙofarmu na kallon ƙofar wata dattijuwa ƴar Masar, kowa Hajja yake ce mata, mace mai sallah da carbi, kullum cikin baƙar abaya. Wata rana ina hawa bene da ɗan autana sai na ga ya tsinci wani abu zai kai baki, ina ƙwacewa na ga ɗan dutsen ado ne ja na gilashi, na duba matattakala sai ga su nan a warwatse ɗaya ɗaya har bakin ƙofarta, ledar ce ta huje mata tana dawowa daga kasuwa. Na tattara na ƙwanƙwasa mata. Tana buɗewa na hango teburin falonta, wallahi tsayawa kawai na yi, wani ɗamara ne shimfiɗe a kan farin tawul, koren duwatsu da ruwan zinari an jera su kamar ganyen inabi, geza na zubowa ta ƙasa, hasken taga na dukansa yana walƙiya har jikin silin. Nace ya Hajja wannan da hannu aka yi? Tace to da me za a yi ya binti, shigo ki gani.

Shekaru sama da talatin tana wannan aikin. Wani shago ne ke kawo mata kayan an riga an yanka, ita nata sa duwatsu, in ta gama su zo su ɗauka su biya ta ladan hannu. Kuma ba ita kaɗai ba ce, yawancin kayan rawar nan da ake saye a kasuwar Khan el-Khalili a kai Turai da Amurka da Japan, mata ne irinta suke yinsu a cikin gidajensu tsakanin girki da reno, sunan mai shago ake ɗinkawa a ciki, nasu babu wanda ya sani. Wannan abun yana min ciwo har yanzu, don na ga yanda idonta ke ruwa da la'asar in ta wuni tana neman ramin dutse da allura.

Su ƴan Masar rawar suna ce mata raƙs sharƙi, wato rawar gabas, kayan kuma badla, kalmar da suke kiran kwat da wando ma da ita, ma'ana kaya cikakku. Kashi uku ne, ƴar rigar ƙirji, da ɗamara da suke kira hizam, sai siket. Abin da ya ban mamaki ashe wannan shigar ba ita ce ta gargajiyarsu ta ƙauye ba, ta gidajen wasa ce ta birni, ta yi ƙarfi ne daga lokacin da wata mata ƴar Sham mai suna Badi'a Masabni ta buɗe gidan wasanta a Alƙahira a 1926, a wajenta ne ƴan rawa Tahiya Kariyoka da Samiya Jamal suka taso kafin su yi suna a finafinai. Tun shekarun 1950 kuma hukuma ta hana mai rawa ta fito ciki a buɗe, shi ya sa za ki ga an haɗa rigar da ɗamarar da wata raga mai kalar fata, shabaka suke ce mata, wani lokacin ita ma a watsa mata duwatsu. Matan karkara dai jallabiya ce tasu doguwa har ƙasa, a ɗaura gyale a ƙugu shikenan, irin wadda ƙungiyar rawar gargajiya ta Mahmud Rida da aka kafa a 1959 ta riƙa hawa dandamali da ita.

Toh amma ni ɗamarar ce ta tafi da hankalina. Kafin a sa dutse ko ɗaya sai an gina ta, a yanka yadi mai tauri falle uku ko huɗu a haɗe su a bi su da keke layi layi har ta zama kamar kwali amma tana lanƙwasuwa, a yi mata tsinke ta baya don ta zauna daidai da ƙugu, sannan a rufe da yadin ado. Sai a zana dizain da alli. Manyan duwatsu ake fara kafawa, su ne idon aikin, sannan a kewaye su da ƙananan da suke kira kharaz, sai tirtir wato sikwins a cike gurbi. A ƙarshe ne ake sa shafi na auduga ta ciki, kuma da hannu ake ɗinka shi sako sako da gangan, saboda shi ke shan gumi, in ya lalace a farke a sa sabo ba tare da an taɓa adon ba. Wannan dabarar kaɗai da na san ta tun ina Kano da rigunan amare da yawa ba su mutu a akwati ba.

Geza ita ta fara koya min. Ki zura duwatsu a zare mai ƙarfi ninki biyu har tsawon da kike so, in kin zo ƙarshe ki sa ɗan ƙaramin dutse ɗaya, ki tsallake shi ki mayar da allura ta cikin sauran duka har sama, shi ɗan ƙaramin shi ke riƙe ƴan'uwansa. Sai ki ƙulla ta baya. Kowane sili da ƙullinsa. Ni kuma ranar farko ina sauri in nuna na iya sai na yi sili wajen ashirin da zare ɗaya ban ƙulla ba, Hajja ta ɗauka ta girgiza shi sau biyu kamar yanda ƙugu zai girgiza shi, ta sa farce ta tsinke guda ɗaya, ai kuwa duka suka bi, sai ƙarar duwatsu kike ji a kan tayil suna tsalle har ƙarƙashin kujera. Ba ta yi faɗa ba, tace ya binti wannan kaya ba na zama ba ne, na motsi ne, mai shi za ta yi awa guda tana kaɗa shi tana gumi, in dutse ɗaya ya faɗi ta taka da ƙafa babu takalmi ke kika yanke ta. Muka durƙusa ni da ita muna tsinta.

Daga ranar na daina ganin gam da mutunci. Ku yi haƙuri ƴan'uwana teloli amma gaskiya ce, mu a gida mun saba a ɗauko ston a manna da gam ko a ɗora ayan mai zafi, riga ta yi kyau a hoto, amarya ta je kamu ko dina kafin a tashi rabi ya zube a kujerar mota, kwastoma ta biya kuɗi mai yawa kuma ba ta isa ta sake sawa ba. Su ma nan akwai masu mannawa, musamman a kayan laikira, yadin nan mai miƙewa, na zamani da ake haɗa siket da ɗamara wuri ɗaya, ban ce babu ba, amma duk dutsen da ke da nauyi Hajja sai ta bi ta raminsa da zare sau uku ta ƙulla, kuma duk bayan ƴan duwatsu kaɗan sai ta sake ƙulli don in wuri ɗaya ya tsinke ɓarnar ta tsaya nan.

Sayen kayan ma ilimi ne. Ta kai ni Muski, kasuwar da ke haɗe da Khan el-Khalili ba nisa da masallacin Azhar da na Husaini, cunkoso kamar Kantin Kwari ana gobe sallah, lunguna cike da shagunan duwatsu an rataye su sili sili tun daga sama. Akwai na gilashi ƴan ƙasar Cek, akwai ƙananan ƴan Japan da girmansu yake ɗaya kamar an auna, akwai Swarovski na masu kuɗi, akwai na kamfanin Asfour da ake yi a nan Masar, sai na roba masu araha da ba su da nauyi kuma gezarsu ba ta lilo da kyau. Na taɓa zuwa ni kaɗai na sayo wasu shuɗi masu kyau a wani shago, ashe fenti ne a sama, na yi kwana huɗu ina aiki da su a wuyan riga sannan na lura yatsuna sun yi shuɗi. Yanzu kafin in sayi da yawa sai in ɗebi kaɗan in sa a farin ƙyalle mai danshi in fesa turare in murza, in ƙyallen ya canza kala na bar musu kayansu.

Akwai kuma wani yadi da ta fito min da shi daga ƙasan akwati a naɗe cikin zanen gado, na gadon mahaifiyarta, talli suke ce masa, ƴan waje kuma suna kiransa da sunan garin Asyut. Raga ce baƙa ta auduga, ana saƙa mata siraran ƙarfe masu faɗi kalar azurfa, kowane ɗinki ɗaya sai an zura ƙarfen an lanƙwasa an danne da farce an karya, babu ƙulli ko ɗaya, da haka ake fitar da raƙuma da kyandir da taurari da hoton amarya. Har yau matan Jaziratu Shandawil a Sohaj suna yinsa. Na ɗora a hannuna, sanyi ƙalau kuma da nauyi, yana zubewa kamar ruwa, ni dai ban taɓa riƙe yadi mai kyau irinsa ba.

Ajiya kuwa ba a rataye kaya mai duwatsu, nauyin zai ja zaren ya saki. A shanya shi a inuwa ya sha iska, a naɗe a tawul ko rigar filo, kada leda ta kusance shi don gumi zai ci kalar, injin wanki kuma ko a mafarki.

Yanzu haka rigar kamun ƙanwata ce a gabana, doguwa mai dogon hannu irin tamu, ruwan goro, na ɗauko mata tsarin ganyen inabin nan na ɗamarar Hajja na kwantar a ƙirji da bakin hannu, da gajeriyar geza a gefen mayafin. Sati na uku kenan kuma hannu ɗaya kawai na gama. Jiya na kai mata ta duba, ba ta ko kalli gaban ba sai ta juya bayan ta bi ƙulle ƙullen da ɗan yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta samu wuri biyu da na yi nisa ban ƙulla ba tace in farke. Na farke yau da safe. Duwatsun ruwan zinarin ma sun kusa ƙarewa, ranar Asabar in Allah ya kai mu za mu shiga Muski tare, tace in zo da sauran a ƴar kwalba don a gwada kala a hasken rana, fitilar shago tana yaudara.