Godiya Bayan Tafiyar Keke Daga Bauchi Zuwa Gombe

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi na dawo gida lafiya, sai ɗan tsamin cinya da ba a rasa ba. Masu ta kira suna tambaya ko da gaske na hau keke daga Bauchi har Gombe, e, da gaske ne. Na cika shekara 60, takardar ritaya kuma ta zo a wata guda, sai na ce in ban yi yanzu ba, gwiwa ba za ta ƙara ba ni dama ba. Tun ina makaranta a Gombe, lokacin duk jiharmu ɗaya kafin a raba a 1996, nake bin hanyar nan a mota ina raya wa raina wata rana sai na bi ta da feda.

Godiya ta farko ta uwargida ce. Da na gaya mata, cewa ta yi, "Alhaji, abin da tsufan ya zo da shi ke nan?" Amma ranar tafiya ita ta ɗaure min dabino da ƙuli-ƙuli a kariya tun kafin kiran assalatu. Sharaɗinta biyu: likita ya auna jinina, autanmu kuma ya biyo ni a babur. Duka na cika.

Hanyar wajen kilomita 150 ce, na raba ta kwana biyu. Wautar da na yi ita ce fita cikin hunturu, ga shi gabas na nufa, iska kuwa daga can take tasowa, tana dukan ƙirjina kamar na ci mata bashi. A gadar Dindima na sauka na huta, ina kallon yadda Gongola ya ja baya ya bar yashi fari fat.

Dab da Alkaleri wata tirela ta matse ni na sauka daga kwalta, tayar baya ta sace. Muka tura har gindin wata darbejiya inda wani mai faci yake. Ya tsoma tub ɗin a kwanon ruwa, kumfa ta taso wuri biyu, ya kankare, ya shafa sholisho yana hurawa da baki.

"Baba, ina zuwa haka?"

Na ce Gombe. Ya ajiye famfo ya yi dariya har ya kira mai shayin gefensa ya zo ya gan ni. Da na miƙa kuɗi sai ya ture hannuna: "Haba Baba, ka sha fura da su a hanya." Ɗana, ko sunanka ban tambaya ba, gajiya ce. Allah Ya yi wa sana'arka albarka. Facinka bai saki ba har yau.

Na gode wa tsohon abokin karatuna da ya sauke mu a Alkaleri, da maiɗakinsa da ta dafa ruwan gasa jiki da tuwo miyar kuka. Yaran Bara da suka raka ni da gudu suna "Baba mai keke", Allah Ya raya ku. Ku kuma da kuka tsaya jirana a Tumfure har bayan la'asar, na san na shanya ku, ku yafe ni, hawan hanya ne ya sa na riƙa turawa.

Dawowa kam a mota na dawo, keken na ɗaure a but. Duk wanda zai bi ta Alkaleri, don Allah ya tsaya gindin darbejiyar nan ya ce Baba ya isa.