Ku leƙa ƙarƙashin ragon kafin ku ba shi tumaki

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo, musamman masu turke rago don Layya. Ina gaishe ku daga Kolorado ta ƙasar Amurka, inda ƙanƙara ta rufe duwatsu tun watan jiya, ni kuwa har yau jikina bai daina neman ranar Gumel ba. Da fatan kuna lafiya, ku da dabbobinku.

Karatun kiwon dabbobi ne ya kawo ni, kuma cikin karatun akwai zuwa garken turka. Kada ku ɗauka irin turkenmu ne na raguna biyar a bayan gida. A arewacin jihar nan, wajen garin Girili, akwai wuraren da ake tara 'yan raguna dubu goma-goma a fili guda, an yanka shi shinge-shinge, mota ce ke bi tana zuba masu masara da harawa a kwami. Daga tsaunuka ake kwaso su, inda makiyaya, yawancinsu mutanen Peru, ke yawo da su. Su shigo da nauyin kilo 35 ko 40, cikin 'yan watanni su fita sun haura 60. Ba wanda zai haihu a cikinsu, duk wuƙa ke jiransu. Ku riƙe wannan, don a kansa maganata take.

Akwai wata 'yar ƙwaya da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a sa wa irin waɗannan raguna, sunan sinadarin zeranol, a kasuwa kuma Ralgro. Ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba, miligiram 12 ce kacal. Da wata 'yar bindiga mai allura ake cusa ta ƙarƙashin fatar kunne, ta riƙa narkewa a hankali. An zaɓi kunne ne don ba a cin sa a nan, zubar da shi ake yi a mayanka. Da na ji haka sai da na yi dariya ni kaɗai, na tuna farfesun kai na washegarin Sallah, wanda kunnen ma rigima ake a kansa. Doka ta ce ba a yanka dabbar sai ta yi kwana 40 da sa ƙwayar. Ba kowane mai garke ke amfani da ita ba, wasu masu sayen nama ba sa so. Tarayyar Turai kuwa ta hana irin waɗannan magunguna ɗungurungum, tun 1989 ba ta karɓar naman da aka yi wa.

Asalin ƙwayar shi ne abin da ya fi ɗaure mini kai. Manoman nan sun daɗe suna ganin aladunsu mata suna kumburin gaba idan suka ci masarar da ta yi funfuna. A 1962 masu bincike a Jami'ar Purdue suka ware sinadarin da ke cikin funfunar, suka ga aikin homon ɗin mace yake yi a jiki (homon shi ne sinadarin da jiki ke aika saƙo da shi ta jini). Daga shi aka sarrafa zeranol. Wato abin da ake cusa wa ɗan rago a kunne, ɗan uwan sinadarin mata ne. Yana sa jiki ya gina tsoka, abinci kaɗan ya ba da nama mai yawa. To amma jiki ba ya karɓar saƙo rabi.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙulli da ke aika umarni ta jini zuwa maraina: ku girma, ku yi maniyyi, ku fitar da sinadarin maza. Shi wannan ƙulli kullum yana ɗanɗana jini ya ji ko homon ya isa. Idan ya ji jini ya cika da abin da ƙwayar ke zubawa, sai ya ɗauka aiki ya yi yawa, ya rage umarni. Maraina su zauna jiran saƙon da ba zai zo ba. Idan ragon ya riga ya balaga, abin na iya warwarewa bayan ƙwayar ta ƙare. Ɗan rago mai wata uku ko huɗu, wanda yanzu ne kayan ke ginuwa, shi ne abin ya fi taɓawa.

Na gani da idona a ɗakin fiɗa na makaranta. Malamarmu ta jera mana maraina a faranti biyu, na 'yan ragunan da ba a dandaƙe ba, sa'annin juna, abincinsu ɗaya, sai dai wasu an sa masu ƙwayar, wasu ba a sa ba. Na faranti guda cike suke, idan ka matsa sai su turo yatsanka. Na ɗayan kuwa ƙanana, laɓo-laɓo, kamar tumatir ya kwana uku a rana. Ta ce mu faɗi wane faranti ne na ragunan da suka fi nauyi. Duk muka nuna na farko. Muka faɗi warwas.

Wanda aka dandaƙe ma bai tsira ba. Akwai wasu ƙananan ƙulle-ƙulle a gefen hanyar fitsari da irin wannan homon ke kumburawa. A zamanin da ake amfani da wani mai ƙarfi da ake kira DES, kafin Amurka ta hana shi a 1979, an sha ganin raguna suna nishi fitsari ya ƙi fita, suna yunƙuri har bayansu ya fito. Zeranol bai kai shi zafi ba, amma har yau ana lissafa shi cikin abubuwan da ke ƙara fitar baya. Don gaskiya, ba shi kaɗai ke da laifi ba: yanke wutsiya gajeriya da suke yi a nan, da tarin da ƙura ke sa su, duk suna ciki. 'Yar tunkiya kuwa, mahaifarta ta yi nauyi, hantsa ta fara cikowa ba ciki ba goyo, amma ƙwan haihuwar ya yi barci, neman barbara ya yi jinkiri.

Mutanen Ostareliya sun koyi wannan darasi ba tare da allura ba. A shekarun 1940, a yammacin ƙasar, tumaki suka daina ɗaukar ciki, dandaƙaƙƙun raguna suka fara fitar da nono. Da aka bi diddigi, ashe wata ciyawa ce da aka shuka masu, mai ɗauke da sinadari mai kama da na mata. Wasu tumakin ba su sake haihuwa ba har suka mutu.

To me ya haɗa wannan da mu? Baturen nan ya raba gida biyu: ragon yanka daban, ragon iri daban. Na irin, kafin a saya sai likita ya zagaya maraina da tef irin na tela, wanda bai kai wajen santimita 30 ba a mayar da shi layin yanka, komai kyansa. Mu kuwa rago ɗaya ne ke yin duka. Wanda bai sayu ba ranar jajibere, a dawo da shi gida a sake shi cikin tumaki. Wanda ke neman iri ya shiga kara, idonsa na kan Balami ko Uda mafi faɗin baya, ya taya, a ce albarka, a ƙara, ya biya kuɗin raguna biyu. Bai san me aka ɗura masa ba.

Kawuna ya yi wannan ciniki shekarun baya. Ya kawo wani farin Balami da sai da unguwa ta fito kallo. Damina ta wuce, kaka ta wuce, tumaki bakwai ba wadda ta ɗauka, shi kuwa gogan yana kwance a inuwa yana tuƙa. Aka ce baki ne, aka ce ido ne, har rubutu aka ba shi a cikin dusa. Ban ce ga abin da aka ba shi kafin ya zo hannunmu ba, ƙiba zalla ma tana kashe wa rago kuzari, kitse ya taru a jakar ya dumama abin da Allah ya rataye a waje don ya sha iska. Abin da nake da tabbas a kai shi ne cikinmu ba wanda ya durƙusa ya taɓa.

Ba na tsammanin wannan ƙwaya ta kunne tana yawo a kasuwanninmu. Namu shi ne sha-ka-fashe da 'yan uwanta, waɗanda ake saya a kwali ba likita ba awo. Wanda ke ɗauke da dezametason, shi likitoci ma da shi suke tayar wa tunkiya naƙuda, don haka idan aka ba mai tsohon ciki, ɓari ne. Sai kuma dusar masarar da ta sha danshi ta yi funfuna, wadda muke cewa ai dabba ce, za ta ci. Kun dai ji daga ina aka samo zeranol.

Idan za ku sayi na iri, ku saya a hannun wanda kuka san garkensa, ba a layin ragunan Layya ba. Ku sa hannu: biyun su zama daidai, su cika tafi, su yi tauri kamar tsokar damtse, ba ƙulli ba kumburi. Idan kuma daga turke ya fito, a rage masa dusa, a bar shi ya yi tafiya, a ba shi wata biyu, don kusan tsawon lokacin da sabon maniyyi ke ɗauka ke nan kafin ya nuna.

Na sayi tef ɗin nan guda uku, zan aiko wa Kawu ɗaya ta hannun wani mai zuwa Kano bayan azumi. Na san zai ce boko ya haukata ni. A gaida mutan gida.

Naku,
ɗan uwanku a Kolorado