Jarrabawar da aka biya kuɗinta ban zauna ba

A ranar Juma'ar da ta gabaci Asabar ɗin farko ta watan Disamban 2016 ya kamata a ce ina cikin mota a kan hanyar Abuja, amma ina zaune a ɗakina a Kano, takardar shiga ɗakin jarrabawa da fasfona suna ajiye a cikin littafin fiziks. Yanzu da na kammala karatun injiniya a gida, ina kuma shirin tafiya ƙaro digiri na biyu, na ga ya dace in rubuta yadda abin ya faru, domin har yau ana tambayata dalilin da ya sa tafiyata Amurka ta wancan lokacin ta wargaje.

Waɗanda suka nemi gurbi a jami'o'in Amurka a wancan lokacin sun san cewa ban da babbar jarrabawar shiga jami'a ta SAT, hukumar College Board a lokacin tana shirya wasu ƙanana na darussa ɗaiɗai, kowace ta sa'a guda, makinta daga 200 zuwa 800, kuma ba a haɗa su da babbar a rana ɗaya. Na zauna babbar a watan Oktoba, sannan na yi rajistar lissafi mataki na biyu da fiziks a zaman Disamba. Kawuna ne ya biya da katinsa na dala, saboda a lokacin bankuna sun taƙaita amfani da katin naira a ƙasashen waje, dala kuma ta haura naira 400 a kasuwar canji ta Wapa. A ƙarshen Nuwamba na tura takarduna ga jami'o'i shida ta Common Application, wato fom ɗaya na intanet da ake neman jami'o'i da yawa da shi, kuma a gurbin da ake tambayar jarrabawar da mutum ke shirin zama nan gaba na rubuta waɗannan biyu da watan da zan yi su.

Gaskiyar magana ita ce ina tsoron fiziks ɗin. Tambayoyi 75 ne cikin minti 60, ba a shiga da na'urar lissafi, kuma duk amsar da aka kuskure ana rage wa mutum wani abu daga makinsa. Sau huɗu na gwada kaina a gida da agogo a gabana, ban taɓa kai 650 ba. Da wannan zuciyar na je wurin malamin da ke shirya mu a wata cibiyar koyarwa, na tambaye shi ko lallai ne in yi tafiyar tunda na riga na tura komai. Bai ma ɗago daga wayarsa ba ya ce, “Ai an wuce wurin. Waɗannan ƙananan ado ne kawai, na duba jami'o'inka duka, babu wadda ta wajabta. Idan ka samo maki maras kyau ma kanka za ka ɓata.” Na ce, “To Malam, abin da na rubuta a fom cewa zan zauna fa?” Ya ce babu mai waiwayar wannan layin. Na fito ina jin an sauke mini dutse daga ka, ban kuma buɗe shafin ko jami'a ɗaya don in tabbatar ba, domin abin da nake so in ji ke nan.

Maganarsa daidai take a kan jami'o'i biyar daga cikin shida, waɗanda wasunsu suka rubuta cewa suna so a yi amma ba dole ba, wasu kuma ba su ambata ba sam. Ta shidan ta wajabta guda biyu ga duk mai neman sashen injiniya, ɗaya a lissafi ɗaya a kimiyya, kuma ita ce kaɗai a jerina da ke ɗaukar nauyin ɗalibin ƙasar waje gaba ɗaya idan ta karɓe shi, wato ita ce wadda ɗan malamin firamare irina zai iya zuwa. A farkon Janairu ta aiko mini da saƙon buɗe shafin da mai nema ke duba abin da ya iso da abin da ya rage a fayil ɗinsa. Na ga saƙon, na ɗauka irin na godiya ne da suke turawa kowa, na bar shi. Da na buɗe a wancan makon, da na tarar da layi biyu masu jan rubutu, kuma akwai sauran zama ɗaya a watan, wanda jami'ar ke karɓar sakamakonsa. Sai a tsakiyar Fabrairu, da wani saƙon ya zo yana cewa fayil ɗina bai cika ba kuma ba za a gabatar da shi gaban kwamiti ba, na shiga shafin a karon farko. Na rubuta musu doguwar wasiƙa ina ba da hujjar nisan Abuja da tsadar dala, suka amsa cikin ladabi da layi uku cewa ni da kaina na sanar da su zan zauna a Disamba, sun jira, kuma ban gaya musu na fasa ba.

Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce ta fi yi mini ciwo, domin ta nuna cewa layin da aka ce babu mai waiwaya shi ne ainihin abin da suke jira. Ko a jami'o'in da ba su wajabta ba, ladabi shi ne mutum ya aika saƙon layi biyu ya ce shirinsa ya canza, kada a bar fayil ɗinsa a gefe ana dakon sakamakon da ba zai zo ba. Biyu daga cikin sauran sun karɓe ni, amma tallafin da suka bayar bai kai rabin kuɗin makaranta ba, don haka na koma kan JAMB.

Da na koma wa malamin da saƙon a hannu, sai ya karanta ya miƙo mini wayar ya ce, “Ni ban ce kada ka je ba, shawara na ba ka, kuma kai ne mai takardu.” Ban musa masa ba, domin rabin maganar gaskiya ce. Sai dai mutumin da ya karɓi kuɗin iyayenmu da sunan ya san hanya, ya kuma ce ya duba alhali bai duba ba, bai kamata ya wanke hannunsa da sauƙi haka ba, kuma har yau idan muka haɗu a ɗaurin aure gaisuwar ba ta wuce musabaha. Tun daga lokacin ba na karɓar “na duba” daga bakin kowa a kan takardar da sunana ke kai. Sharuɗɗan kowace makaranta ina karanta su a shafinta ne, ba a wurin mai ba da labari ba. Saƙon da ya fito daga ofishin ɗaukar ɗalibai kuwa ba ya kwana ban buɗe ba. Da wannan ɗabi'ar na cike takardun tallafin da na samu a bana, ba tare da taimakon kowace cibiya ba.

A watan Janairun 2021 College Board ta soke waɗannan jarrabawowi a Amurka, aka yi zaman ƙarshe a sauran ƙasashe a watan Yuni na shekarar. Da na ga labarin na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ganin cewa abin da ya tare mini hanya bai ƙara shekara biyar a duniya ba.

Kawuna kuwa sai bayan wata uku na iya fuskantarsa da maganar, domin duk tsawon lokacin yana zaton na je Abuja na dawo. Ya saurare ni har na gama, yana jan carbi bai katse ni ba, sannan ya ce, “Da ka je ka faɗi, wallahi da ko a jikina. Kujerar da na biya ce aka bari babu kowa a kai.” Bai sake tayar da zancen ba, kuma shi ne ya biya mini kuɗin rajistar shekarar farko a jami'a.