Gawon Salahi

Yau bayan la'asar na leƙa gidan kawu a nan Jidda, na tarar ɗansa ya ajiye wani ƙaton littafin zane-zanen Ibrahim El-Salahi, wani mai zane ɗan ƙasar Sudan. A tsaye na fara buɗawa, har na iso zanen da ya yi ta yi na bishiyar haraz, wato gawo. Sai na zauna. Kawu ya leƙo ya ce, "Kai yaro, ina gawo a nan? Ni layuka kawai nake gani." Gaskiyarsa, ba ganye ba reshe sosai, layuka ne a miƙe kamar mutum ya tsaya salla. Amma ni na gane shi. Gawon da ke kakkaɓe ganye da damina, rani na yi ya yi kore shar.

Shi El-Salahi ɗan birnin Omdurman ne, ɗan malamin allo. A 1975 aka kulle shi a kurkukun Kobar wata shida ba shari'a, yana zane a guntun takardar siminti yana binnewa cikin yashi. Na rufe littafin ina tuna gawon bakin gonarmu a Mai Wurno, can Sudan, wanda rabona da inuwarsa tun kafin yaƙi.