Yadda Batirin Gida Ya Zaɓa Mini Katin Hoto

Shekara shida ina amfani da GTX 1050 Ti, katin hoto, wato ɓangaren kwamfuta mai zana hotunan wasanni a allo, da kamfanin NVIDIA ya fitar a 2016, mai ƙwaƙwalwa gigabait 4, wanda ba ya cin wuta fiye da wat 75. Ya yi mini aiki ba tare da na taɓa kai shi wurin gyara ba, amma zuwa bazarar 2024 sababbin wasanni sun fi ƙarfinsa, har ta kai ina rage komai zuwa matakin ƙasa amma hoton yana ta sarƙewa. Sai na fara tara kuɗi, a daidai lokacin da dala ta haye naira 1,500, inda farashin da mai shago ya faɗa maka da safe ba lalle ne ka same shi da yamma ba.

Bayan na yi makonni ina kallon gwaje-gwaje a YouTube, zaɓina ya tsaya kan kati biyu. Na farko shi ne GeForce RTX 4060, wanda ya fito a watan Yuni na 2023 a kan dala 299, yana da ƙwaƙwalwa gigabait 8. Na biyu kuwa Radeon RX 6700 XT ne na kamfanin AMD, wanda ya fito tun watan Maris na 2021 a kan dala 479, yana da gigabait 12, kuma a yawancin wasanni ya ɗan fi na farkon gudu. Akwai RX 7600 ma, amma da yake shi ma gigabait 8 gare shi kuma ya fi RTX 4060 cin wuta, ban tsaya a kansa ba. Zuciyata ta riga ta karkata ga na AMD ɗin, musamman da na sami wani mai sayar da na hannu a farashin da bai kai na sabon RTX 4060 ba.

Kafin in biya, na ɗauki akwatin kwamfutar zuwa wurin wani mai gyara a Wuse da na daɗe ina hulɗa da shi, domin ya duba ko katin zai shiga. Bai ko kalli tsawon katin ba, sai ya haska fitila kan takardar da ke jikin fawa saflai, wato na'urar da ke raba wa sassan kwamfuta wuta, ya ce, "Yallaɓai, naka wat 550 ne, shi kuwa wannan katin wat 650 ake so a ba shi. Da me kake kunna kwamfutar idan an ɗauke wuta?" Na ce masa da inbata. Ya ce to in koma gida in yi lissafin batir tukuna, sannan mu yi maganar kati.

Lissafin bai da wuya. RX 6700 XT yana jan wat 230 idan wasa ya yi zafi, RTX 4060 kuwa wat 115, wato rabi daidai. Na fara da kuɗin wuta, domin a watan Afrilun 2024 ne aka ɗaga farashin rukunin A, wato masu samun wuta fiye da kowa, zuwa naira 225 kowane kilowat na awa ɗaya, kowa kuma maganar da yake yi ke nan. Sai na ga cewa idan ina wasa awa uku kowane dare, bambancin bai wuce kilowat na awa 10 da ɗoriya a wata ba, kuɗin da ba zai hana mutum barci ba. Inda gizo yake saƙa shi ne wurin batir. Ina da guda biyu masu bolt 12 da amfiya 200, irin masu ruwa, waɗanda idan kana son su daɗe ba ka zuƙe fiye da rabin abin da ke cikinsu, wato kimanin wat 2,400 na awa ɗaya. Ƙarin wat 115 daidai yake da fanka biyu suna juyawa, kuma duk wanda ya kwana a Abuja a watan Afrilu ya san cewa uwargida da yara ba za su yarda a kashe musu fanka da ƙarfe ukun dare saboda maigida ya yi wasa bayan sallar isha'i ba. Masu gwaje-gwajen da nake kallo a Amurka da Turai suke, su kan ambaci cin wuta a taƙaice su wuce, domin wutarsu ba ta yankewa.

Akwai kuma zafin da katin yake fitarwa, tunda duk wutar da ya ci a ɗakin take ƙarewa. Wani abokina da ke Jos yana da kati mai cin wuta fiye da wannan kuma bai taɓa kuka da shi ba, amma sanyin Jos ba a kawo shi Kubwa a mota.

Duk da haka na je na ga katin na hannu. Tun da kuɗin intanet na Ethereum ya daina dogara da haƙa, wato samar da shi ta hanyar sa katunan hoto aikin lissafi, a watan Satumba na 2022, kasuwa ta cika da katunan da suka yi shekara ɗaya ko biyu suna aiki dare da rana, kuma a ido ba ka bambanta su da waɗanda aka yi wasa da su kawai. Na nemi mai katin ya bar ni in sa masa wasa mai nauyi na rabin awa ina duba zafinsa da ƙarar fankokinsa, sai ya ce minti biyar ya isa, yana da wani mai jira. Na yi masa godiya na tafi. Da na haɗa kuɗin katin da na sabon fawa saflai, arahar ma ta riga ta gudu.

Na sayi sabon RTX 4060 da takardar garanti, mai gyaran ya ɗaura shi da waya ɗaya mai baki takwas, ba a canja komai ba. Allona 1080p ne, wato mai layukan ɗigo 1,080 daga sama zuwa ƙasa, kuma a wannan girman EA Sports FC da yawancin abin da nake bugawa suna tafiya sumul. Fasahar DLSS, wadda take zana hoton a ƙarami sannan ta faɗaɗa shi, ta taimaka ƙwarai a Cyberpunk 2077, ko da yake ƙarin hotunan da take ƙirƙirowa tsakanin na ainihi su ma suna cin ƙwaƙwalwa.

A nan ne na biya farashin zaɓina, kuma na san da shi tun kafin in saya. Gigabait 8 yakan cika a wasu sababbin wasanni idan na kai ingancin zanen bango da tufafi matuƙa, sai wasan ya riƙa tsayawa kaɗan-kaɗan duk lokacin da na shiga sabon wuri. Maganinsa shi ne in sauke wannan saitin mataki ɗaya, kuma a allo mai inci 24 da ƙyar nake ganin bambanci. Wanda yake da allon 1440p da wuta tsayayya, ko sola mai yalwa, ba zan ba shi shawarar ya bi sawuna ba, gigabait 12 ya fi masa.

A watan Disamba na 2024 Intel ya fitar da Arc B580 mai gigabait 12 a kan dala 249, ƙanena ya turo mini labarin yana tsokanata cewa na yi gaggawa. Na duba na ga wat 190 yake ci, sai na tambaye shi ko zai ƙara mini batir na uku, har yau bai ba ni amsa ba.