Allurar mutum ɗaya ba ta warkar da gida

Lokacin da na gama makarantar koyon aikin lafiya aka turo ni wani ƙaramin asibitin unguwa a bayan ganuwar Katsina, ina ganin babu cutar da na riƙe a ka kamar gonoriya. Na haddace cewa ƙwayar bakteriya ce ke kawo ta, wadda wani likita Bajamushe mai suna Albert Neisser ya gano a 1879, kuma ta hanyar saduwa ake ɗaukarta. Na san yadda take bayyana a jikin namiji: galibi kwana biyu zuwa biyar bayan ya ɗauka fitsari zai fara yi masa raɗaɗi, mugunya ta riƙa ɗiga daga gabansa tana ɓata masa wando. Maganin ma bai wuce layi biyu ba a littafi. Ban cika shekara a bakin aiki ba sai da na gane cewa wannan haddar ita ce mafi sauƙi a cikin lamarin.

Da farko dai, babu wanda ya taɓa zama a gabana ya ce gonoriya ke damunsa. Sanyi ake cewa, shi kuwa sanyi buhu ne da ake zuba komai a ciki: ƙaiƙayin gaba, farin ruwa, ciwon mara, cutar mafitsara, har da raunin mazakuta da jinkirin haihuwa. Yawancin farin ruwan da mata ke kawo kuka a kansa ba gonoriya ba ne, kuma da yawa daga ciki ba ta saduwa ake samunsa ba. Ma'aikacin da ya yi gaggawar ce wa mace mijinta ne ya kwaso mata ciwo a waje, ba tare da ya yi tambaya da awo ba, yana iya kashe aure a kan abin da ƙwayar magani ta kwana kaɗan za ta kawar.

Wanda ya fi koya mini aikin wani magidanci ne mai kimanin shekara arba'in. Ya zo bayan Azahar, lokacin da layi ya ragu, ya ce kansa ke ciwo, na auna jininsa na ga lafiya lau, ya yi godiya ya miƙe. Sai da ya kama ƙyauren ƙofa sannan ya juyo ya ce, "Af, Likita, akwai kuma ɗan sanyi da ke taɓa ni." Da ya koma ya zauna, ya zaro wata baƙar leda daga aljihun riga, a ciki akwai ragowar kafso ja da rawaya da ya saya a kyamis, ya kuma ce ya sha gora biyu ta jiƙon da mai lasifika ke tallarsa a bakin kasuwa. Na aika da ɗigon mugunyar ɗakin awo, aka ga ƙwayoyin nan bibbiyu, kamar wake biyu suna fuskantar juna, cunkushe cikin fararen ƙwayoyin jini. Na yi masa allurar ceftriaxone, na haɗa masa da doxycycline na kwana bakwai, domin kilamidiya, wata cutar da ita ma ta saduwa ake ɗauka, tana yawan tafiya tare da gonoriya. Da zai fita na ce, "Malam, a turo iyali su ma a duba su." Na faɗa ne idona na kan rajista, shi ma ya amsa da "to" idonsa na kan ƙofa, dukkanmu mun san maganar ba za ta wuce nan ba.

Bayan mako biyar ya dawo da ciwon. Zuciyata nan take ta tafi ga bijirewar ƙwayar cuta, kuma ba laifi ba ne mutum ya yi wannan zato, don kuwa gonoriya ta yi suna wajen cinye magunguna ɗaya bayan ɗaya. Ta gama da magungunan salfa tun shekarun 1940, a 1976 aka fara ganin irin da ke karya fenisilin, tetracycline ya bi baya, a 2007 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta daina ba da shawarar ciprofloxacin, sannan a 2018 aka samu wani mutum a Ingila da ciwonsa ya gagari ceftriaxone da azithromycin a haɗe. Shan kafso biyu yau, uku gobe, a daina da zarar raɗaɗi ya lafa, yana daga cikin abin da ke horar da ƙwayar. Na sake yi masa allura ina zargin kyamis a raina. Da ya dawo karo na uku na kai maganar gaban babbar ungozomarmu, dattijuwa da ta girmi mahaifiyata a aiki da shekaru, ina shirin nuna mata ilimina. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ɗana, matansa nawa?" Na ce biyu. Ta ce, "Wacce ka gani a cikinsu?" Na yi shiru. Ta ce, "Kana ta kwarfe ruwa a ɗaki, ba ka hau soro ka duba inda ke yoyo ba."

Allurar tana aiki, mutumin yana warkewa, ya koma turaka ya sake ɗauka. Abin da na sani a takarda amma ban ɗauke shi da nauyi ba shi ne mata da yawa suna ɗauke da gonoriya ba tare da wata alama ba. Namiji raɗaɗin fitsari ke koro shi asibiti ko yana jin kunya. Mace kuwa tana girkinta tana rainonta, cutar na hawa daga bakin mahaifa zuwa bututun ƙwai, ta kumbura shi ta bar tabo, daga nan sai ciwon mara da ba ya jin magani, ko ciki ya zauna a wajen mahaifa, ko haihuwa ta tsaya cak. Irin wannan matar ce za a yi ta yawo da ita gidajen masu magani ana cewa iska ce ko sammun kishiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan 82 masu shekara 15 zuwa 49 suka kamu da gonoriya a 2020 kaɗai, kuma duk lokacin da na tuna wannan adadi, matan da ba su san suna ciki ba nake tunawa.

Kafin in yi abin da ya kamata, abin da ake gudu ya faru. Amaryar ta haihu a gida, kwana huɗu bayan haihuwa kakar yaron ta shigo da shi a naɗe cikin zane, fatar idanunsa biyu a kumbure, da na ɗan buɗa ɗaya mugunya ta fito kamar an matsa maruru. An riga an ɗiga masa ruwan nono, an sa kwalli. Jariri na ɗaukar ƙwayar ne yayin da yake ratsa hanyar haihuwa, kuma idan aka yi jinkiri tana iya huda ƙwayar ido cikin 'yan kwanaki. Na ce, "Inna, wannan ba na jiran ranar suna ba ne, yanzu za a tafi babban asibiti." Allah ya taimaka idon ya tsira. Man ido na tetracycline da muke shafa wa duk jaririn da aka haifa a hannunmu, wanda a da nake ganinsa al'ada ce kawai ta ɗakin haihuwa, domin wannan ranar aka tanade shi.

Na kira uban na rufe ƙofa, a wannan karon kuma na ajiye biro na dube shi. Abin da ya fara tambaya shi ne wa ya kawo ciwon. Na ce masa awon ba ya nuna wanda ya fara, mutum na iya ɗauke da shi wata da watanni bai sani ba, kuma aikina bai kai ga shari'a ba. Na bayyana masa cewa shi da matansa za a yi musu magani a rana ɗaya, kuma babu kusantar juna sai kowa ya cika kwana bakwai da magani. A gidan da girki ke zagayawa duk kwana biyu wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin idan aka bar ɗaki ɗaya ba magani, kafin mako ya zagayo ciwon ya koma duka ɗakunan. Na shawarce shi a yi musu gwajin ƙanjamau da na tunjere, tun da gonoriya na sauƙaƙa wa ƙanjamau shiga jiki, kuma su dawo bayan wata uku a sake dubawa, domin warkewa ba ta hana sake kamuwa. Maganar tsayawa ga iyali da ta kwaroron roba na yi masa ita ba kwana-kwana, wadda a da nake haɗiye ta saboda ya girme ni.

Ya roƙe ni in gaya wa matan cewa a bayan gida suka kwaso. Wannan ita ce rigar da kowa ke lulluɓe ciwon da ita, na kuma fahimci dalili, tana rufa asiri. Amma gonoriya ba ta daɗewa a wajen jikin mutum, ba a ɗaukarta a masai ko a buta, kuma macen da aka gaya wa haka za ta ƙare wajen wanke banɗaki da canza buta, ba za ta taɓa tunanin cewa mijinta ma yana bukatar allura ba. Muka tsaya a kan cewa ciwo ne da ke zagayawa tsakanin ma'aurata, dole a yi maganinsa tare, kuma ungozomar ce ta zauna da kowace mace ita kaɗai.

Ya kawo su ranar Laraba da safe. A nan ne uwargidan ta ambata, ba tare da ta san nauyin abin da take faɗa ba, cewa akwai ta uku da aka saka wata biyu da suka wuce, ta koma gidan iyayenta a wani ƙauye wajen Jibiya. Na rubuta mata takardar gayyata wadda ba ta ambaci sunan ciwo ba, na miƙa wa mijin, ya ce ba shi da fuskar aikawa. Na bai wa uwargidan, ta ce sai ta nemi izini. Takardar tana nan a aljihun teburina, a ƙarƙashin littafin awon ciki.